Christian Doppler (1803–1853): Daga Launin Taurari Zuwa Hoton Zuciya

Gabatarwa

Duk macen da ta je awon ciki aka ɗora mata 'yar na'ura a mara, ta ji bugun zuciyar ɗan da ke cikinta yana fitowa kamar sukuwar doki, ta ci moriyar wani tunani da aka fara bayyanawa a birnin Prag a shekarar 1842. Haka shi ma majinyacin da likitan zuciya ya kwantar a gefen hagu, ya goga masa kan na'ura a ƙirji, launin ja da shuɗi suka riƙa walƙiya a allo. Ma'aikatan asibiti kan kira wannan awo da sunan Doppler, har sunan ya zama tamkar na ƙarfe da waya, aka manta cewa na mutum ne. Mutumin kuwa bai yi karatun likita ba, kuma jini da zuciya ba sa cikin lissafinsa a ranar da ya kawo ƙa'idarsa. Abin da ya so ya bayyana shi ne dalilin da ya sa taurari suka bambanta a launi, kuma a kan wannan ya yi kuskure. Ƙa'idar da ya ɗora kuskuren a kanta ita ce ta tabbata, sai dai bai ga ranar da aka sallama mata ba, domin ya rasu watanni kaɗan bayan manyan masanan ƙasarsa sun yi zama sun juya mata baya.

Ɗan masassaƙa dutse

An haifi Christian Doppler ranar 29 ga Nuwamba, 1803, a Salzburg, garin da ke cikin ƙasar Ostiriya a yau. A shekarar haihuwar tasa aka kawo ƙarshen mulkin manyan limaman coci da suka daɗe suna riƙe da garin, daga nan yaƙe-yaƙen Napoleon suka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, bai zauna daram a ƙarƙashin Ostiriya ba sai a 1816. Gidan da aka haife shi yana nan a dandalin Makart, taku kaɗan daga gidan da iyalin makaɗi Mozart suka zauna.

Sassaƙar dutse ce sana'ar gidan, gadon kaka da kakanni, kuma sana'a ce mai rufin asiri a gari mai yawan majami'u da gine-ginen marmara. Da jiki ya yarda, da a nan yaron zai ƙare rayuwarsa da guduma a hannu. Sai ya tashi siriri, mai raunin ƙirji, wanda ba zai iya ɗaukar dutse ba balle ya fasa shi. Mahaifinsa ya rasa inda zai sa shi, ya nemi shawarar Simon Stampfer, malamin lissafi a babbar makarantar garin, wanda shi ma ɗan talakawa ne da ya fito daga ƙauyen kan duwatsu. Stampfer ya jarraba yaron, ya ga abin da ya gani, ya ba da shawarar a tura shi Kwalejin Fasaha ta Viyana, wadda aka buɗe a 1815. Doppler ya shiga kwalejin a 1822, ya fito a 1825, ya koma gida ya cike karatun da zai ba shi damar shiga jami'a yana koyar da yara lissafi don ya ci abinci, sannan ya sake komawa Viyana ya karanci lissafi mai zurfi da ilimin taurari. A 1829 ya zama mataimaki ga Farfesa Adam Burg, ya yi shekara 4 a wannan matsayi, a cikinsu ya wallafa maƙalunsa na farko.

A daular Ostiriya ta wancan zamani, abin da mutum ya wallafa ba ya ba shi kujerar koyarwa. Gasa ake shiryawa: masu nema su zauna doguwar jarrabawar rubutu, su gabatar da gajeren darasi a gaban alƙalai, sannan a tattara takardu a aika wa hukuma, wadda ba ta gaggawa. Sakamako kan kai shekara biyu bai fito ba. Doppler ya nemi gurbi a Linz da Salzburg da Gorizia da Ljubljana da Prag da Viyana kanta. Wa'adinsa na mataimaki ya cika a 1833 babu wanda ya amsa masa. Mutumin da ya riga ya wallafa bincike a lissafi mai zurfi sai ga shi akawu a wata masana'antar kaɗin auduga kusa da Bruck an der Leitha, yana tara kuɗin zare da albashin leburori har tsawon wata 18. Da abin ya ishe shi, ya yanke shawarar yin ƙaura zuwa Amurka. Ya fara sayar da kayansa, har ya je Munich ya ga ƙaramin jakadan Amurka domin shirin tafiya. Ana cikin haka takarda ta zo daga Prag cewa an ba shi aikin koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta fasaha. Ya kama aiki a 1835, yana da shekara 31. A shekara mai bi ya auri Mathilde Sturm, 'yar wani maƙerin zinariya na Salzburg, suka haifi 'ya'ya 5.

Shekarun Prag

Prag ta ba shi albashi, ta kuma ci lafiyarsa. Ya haɗa aikin sakandare da ƙarin darussa a Kwalejin Fasaha ta birnin, har aka tabbatar masa da kujerar farfesa a can a 1841. Ɗalibai ɗaruruwa ne, kuma doka ta ce kowane sai an yi masa jarrabawar baki da ta rubutu. Mai raunin ƙirji ya riƙa wuni yana magana a ɗakunan da suka cika maƙil. A 1844 jikin ya gaza, murya ta dushe, ga kuma ƙarar da wasu ɗalibai suka kai cewa yana tsanantawa a jarrabawa. Hukuma ta bincike shi ta tsawatar masa, daga baya ta janye, shi kuwa bai koma aji sosai ba sai a 1846. Yawancin masu rubuta tarihinsa na ganin tarin fuka ne ya kama shi tun a waɗannan shekaru.

Wanda ya tsaya masa a Prag shi ne Bernard Bolzano, limamin coci kuma masanin lissafi da falsafa, wanda gwamnati ta raba da kujerarsa ta jami'a tun 1819 saboda ra'ayoyinsa a kan yaƙi da daidaito tsakanin mutane. Wanda ya ɗanɗani ɗacin hukuma ya fi saurin gane ɗan'uwansa. Bolzano ne ya yi ƙoƙari har aka shigar da Doppler Majalisar Masana Kimiyya ta Bohemiya, shi ne kuma ya yi ta nuna damuwa cewa ana kashe mai basira da aikin da kowane malami zai iya yi.

Gaskiya ita ce Doppler ba gwanin lissafi ba ne irin Bolzano, kuma maƙalunsa na lissafi tsantsa ba su bar wani gurbi ba. Baiwarsa a wani wuri take: yakan dubi abin da kowa ke gani kullum ya yi masa tambayar da ba a taɓa yi ba.

Ranar 25 ga Mayu, 1842

A wannan rana ya karanta wa Majalisar maƙalarsa a kan hasken tagwayen taurari mai launi da na wasu taurarin sama. Mahalarta ba su kai goma ba.

Tushen maƙalar mai sauƙi ne. Sauti da haske duk tafiya suke yi kamar raƙuman ruwa, ɗaya na bin ɗaya. Masana kafin shi sun damu da yawan raƙuman da mafarin sauti ke fitarwa a daƙiƙa guda. Doppler ya ce abin da kunne ke ji ko ido ke gani ya danganta ne da yawan waɗanda suke isowa a daƙiƙa guda, kuma wannan zai iya bambanta da wancan. Ya buga misali da jirgin ruwa: idan ya tunkari raƙuman ruwa, za su riƙa dukansa a kai a kai fiye da jirgin da ke tsaye, idan kuwa ya juya yana gudu tare da su, sai dukan ya ragu. Saboda haka idan mai sauti da mai saurare suna kusantar juna, amo zai hau sama ya sirance, idan suna nesanta sai ya sauka ya yi kauri. Duk wanda ya tsaya a bakin titi motar asibiti ta wuce shi da jiniya ya san wannan: tana zuwa da karin sama, tana giftawa sai ya faɗo. A zamanin Doppler babu abin hawan da ya cika gudun da zai sa kunne ya lura da haka sai jirgin ƙasa, shi ma sabon abu ne. Da tunani da 'yan layukan lissafi ya isa ga ƙa'idar, bai yi gwaji ko ɗaya ba.

Sai ya ɗauki ƙa'idar ya kai ta sama. Haske shuɗi ya fi ja yawan kaɗawa. Doppler ya ɗauka cewa duk taurari fari ko fari-fari ne haskensu na asali, don haka wanda ke tahowa wajen duniya zai karkata zuwa kore da shuɗi, wanda ke gudu daga gare ta ya koma ja. Tagwayen taurari da ke kewaya juna, ɗaya na zuwa ɗaya na tafiya, su ne hujjarsa, domin akan ga wasunsu ɗaya ja-ja ɗaya shuɗi-shuɗi. Bayani ne mai daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, taurarin da ido ke gani kuwa gudunsu yawanci gomomin kilomita ne, wanda bai isa ya sauya launin da ido zai lura da shi ba. Har ila yau, akwai hasken da ido ba ya gani a gaban ja da bayan shuɗi, wanda kan matso ya cike gurbin duk abin da ya gusa. Zafin tauraro ne ke ba shi launi: mai tsananin zafi shuɗi, mai dama-dama ja. Doppler bai taɓa sakin wannan ra'ayi nasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma riƙon da ya yi masa ya ba abokan hamayya sandar dukan ƙa'idar baki ɗaya.

Masu busa a kan jirgin ƙasa

Wanda ya fara gwada ƙa'idar ya yi ne yana shakkarta. Christophorus Buys Ballot, wani matashin masani a Utrecht ta ƙasar Holan, ya samu aron kan jirgin ƙasa da buɗaɗɗen tarago a layin dogon da ya tashi daga Utrecht zuwa Maarssen. Ya ɗora masu busa ƙaho a tarago, ya jera wasu mawaƙa masu kaifin kunne a gefen dogo, aikinsu su faɗi amon da suka ji jirgi na tahowa da wanda suka ji bayan ya wuce. Gwajin farko a watan Fabrairun 1845 ƙanƙara ta watsa shi. Aka sake a watan Yuni, aka kuma juya tsarin, masu busa a ƙasa masu saurare a jirgi. Sakamako ya fito kamar yadda Doppler ya lissafa: amo na hawa yayin kusantowa, yana sauka yayin nesanta. Buys Ballot ya wallafa abin da ya samu da adalci, ya amince da ƙa'idar a kan sauti, ya ƙi ta a kan launin taurari, kuma a duka biyun shi ke da gaskiya. Doppler ya karɓi rabin da ya yi masa daɗi ya yi jayayya da sauran.

A 1848 Hippolyte Fizeau ya isa ga ƙa'idar ta hanyarsa a Paris, ya kuma nuna inda ya kamata a nemi alamarta a haske: a gusawar siraran layukan da ke bayyana idan aka tarwatsa hasken tauraro zuwa launukan bakan gizo. Shi ya sa Faransawa har gobe suke haɗa sunayen mutanen biyu.

Viyana da rigimar Petzval

A 1847 Doppler ya bar Prag zuwa Kwalejin Ma'adinai da Gandun Daji ta Schemnitz, garin da a yau ake kira Banská Štiavnica a ƙasar Sulobakiya, yana fatan samun sauƙin aiki. Bai daɗe ba juyin juya halin 1848 ya ɓarke, yaƙin Hangare ya iso garin, ya kwashi iyalinsa zuwa Viyana. A 1849 ya gaji kujerar Stampfer, malamin da ya fara gano shi, a Kwalejin Fasaha. A watan Janairun 1850 aka naɗa shi shugaban farko na sabuwar Cibiyar Fiziks ta Jami'ar Viyana, wadda aka kafa domin malaman gobe su koyi yin gwaji da hannunsu. Cikin waɗanda suka zauna a gabansa daga 1851 akwai wani ɗan zuhudu daga Brno mai suna Gregor Mendel, wanda daga baya ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar ƙirga 'ya'yan wake.

Wannan ne ƙololuwar rayuwarsa, kuma bai kai shekara 3 a kai ba. A farkon 1852 Joseph Petzval, farfesan lissafi wanda ya yi suna da gilashin kyamarar ɗaukar hoton fuska da ya ƙirƙiro, ya tashi a Majalisar Masana Kimiyya ta Viyana ya kai wa ƙa'idar hari. Petzval ya tabbatar da dogon lissafi cewa idan iskar da ke ɗauke da sauti tana kaɗawa, yawan kaɗawar sautin ba ya sauyawa. Wannan gaskiya ne: makaɗa ba sa sauya amo don iska ta taso, muddin su da masu saurare suna zaune wuri ɗaya. Amma Doppler bai yi maganar iska mai tafiya ba, maganarsa a kan mai sauti ko mai saurare ne ke tafiya. Petzval ya cakuɗa abubuwa biyu, ya kuma haɗa da reni, yana ganin babu yadda za a yi babbar dokar halitta ta fito daga 'yan layukan lissafin da ɗan sakandare zai iya bi. Andreas von Ettingshausen ya tsaya wa Doppler, shi ma Doppler ya kare kansa da abin da ya rage masa na murya, yana nuni da gwajin Holan. Aka yi ta zama har zuwa kaka, mafi rinjaye suka karkata ga Petzval. Abin mamaki a nan shi ne shekara 7 ke nan da masu busa suka hau jirgi a Utrecht, kuma a lokacin akwai tashar jirgin ƙasa a Viyana. Majalisar ta fifita kwarjinin lissafi a kan abin da kunne zai iya ji.

Kafin ƙarshen shekarar Ettingshausen ya karɓi ragamar Cibiyar, dalilin da aka bayar a hukumance shi ne rashin lafiya, kuma lallai ciwon ya ci ƙarfinsa. A watan Nuwamba ya tafi Venis, wadda take ƙarƙashin Ostiriya a lokacin, da fatan iskar teku za ta sassauta masa. Matarsa ta bi shi daga baya. Ya rasu a can ranar 17 ga Maris, 1853, yana da shekara 49.

A 1860 Ernst Mach, ɗalibi a wannan Cibiya tasa, ya ɗaura usur a bakin sanda mai juyawa da sauri, ya nuna a cikin ɗaki cewa ƙa'idar Doppler da lissafin Petzval ba sa karo da juna. A 1868 William Huggins ya yi yunƙurin auna gudun tauraron Shi'ira da gusawar layukan haske a Ingila, kafin ƙarshen ƙarnin kuma Hermann Vogel ya daidaita awon da taimakon hoto a Jamus. Daga nan ƙa'idar ta zama ma'aunin masana taurari na yau da kullum.

Yadda ƙa'idar ta shiga ƙirji

Shekara 100 cif bayan rasuwar Doppler aka fara ganin motsin zuciyar mai rai da sauti. A Lund ta ƙasar Suwidin, likita Inge Edler na da matsala: likitocin fiɗa sun fara buɗe ƙyauren mitral da ya tsuke, wato ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun zuciya, amma aikin ba ya amfanar wanda ƙyaurensa ke yoyo, kuma sauraron ƙirji ba ya bambance su yadda ya kamata. Shi da masanin fiziks Hellmuth Hertz suka ari na'urar da ake neman tsaga a jikin ƙarfe da ita daga masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Kockums a Malmö, daga baya kamfanin Siemens ya ba su wata. Ranar 29 ga Oktoba, 1953, suka ɗauki motsin zuciya na farko. Hanyarsu ta amsa-kuwwa ce: a aika sauti, a ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, a san nisan abin da ya buga. Wannan shi ne asalin abin da asibitoci ke kira eko. Yana nuna bango da ƙyaure, amma jini a wurinsa duhu ne kawai.

Wanda ya shigo da Doppler shi ne Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Japan, wanda a tsakiyar shekarun 1950 ya auna motsin bangon zuciya da ƙyamarenta ta hanyar sauyin amon da ya dawo, kafin rasuwarsa a 1960 kuma ya nuna cewa ana iya jin gudun jini a jijiya ta bayan fata. Abin da ke faruwa shi ne, na'ura na aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, alhali kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya haura 20,000. Sautin na ratsa tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa ya faɗa kan jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya sai ta zama mai saurare da ke tafiya, nan take kuma ta zama mai sauti da ke tafiya yayin da take mayar da amon, wato fuskoki biyun da Doppler ya lissafa a 1842 sun haɗu a abu guda, sauyin ya ninka. Idan jini na gudun mita 1 a daƙiƙa aka aika masa sauti mai kaɗawa miliyan 2, bambancin da zai dawo kusan 2,600 ne, wanda ya faɗo daidai cikin abin da kunne ke ji. Shi ya sa na'urar ke huci da fito a ɗakin awo. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a nan kuwa da ji ake gani.

Babban ci gaban ya zo daga ƙasar Nowe a ƙarshen shekarun 1970, inda Jarle Holen, sannan likita Liv Hatle da injiniya Bjørn Angelsen a Trondheim, suka nuna cewa daga gudun jini ana iya sanin matsin da ke bayansa. Ruwa kan ƙara gudu idan ya zo matsattsiyar ƙofa. A ninka gudun da kansa, a sake ninkawa sau 4, sai a samu bambancin matsi tsakanin ɓangarorin ƙyauren, da irin ma'aunin da ake auna hawan jini. Jinin da ke fita ta lafiyayyen ƙyauren babbar jijiya bai cika wuce mita 1 da 'yan kai a daƙiƙa ba. Idan ya kai mita 4, bambancin matsi ya kai 64, kuma ƙyauren ya tsuke matuƙa. Kafin wannan, sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya ake samun wannan adadi. Lissafin da ya kawar da buƙatar bututun ga dubban majinyata bai fi layi guda ba, irin wanda Petzval zai rena.

A farkon shekarun 1980 injiniyoyin kamfanin Aloka a Japan suka sa kwamfuta ta shafa wa gudun jini launi a kan hoton zuciya mai motsi. A nan ne mafarkin Doppler na ganin tafiya a matsayin launi ya tabbata, amma da fenti na aro, kuma a juye. A allon eko ja na nufin jinin da ke tahowa wajen kan na'ura, shuɗi wanda ke nesanta, akasin abin da ya faɗa game da taurari. Yarjejeniya ce kawai ta masu ƙera na'ura, ba ta da alaƙa da launin jinin kansa.

Inda aka dosa

Ƙa'idar na da iyaka tun asali: ba ta ganin komai sai tafiyar da ke tunkarar mai awo ko ke gudunsa. Jinin da ya gifta a karkace za a auna shi ƙasa da gudunsa, wanda ya gifta a gicciye kuwa kamar yana tsaye. Shi ya sa ƙwarewar hannun mai awo take da muhimmanci, kuma yawancin sababbin dabaru ƙoƙari ne na tsallake wannan iyaka. Akwai hanyar bin ɗige-ɗigen da ke cikin hoton tsokar zuciya daga wannan hoto zuwa na gaba, wadda ke nuna raunin tsoka tun kafin bugun ya ragu a fili, kuma likitoci na amfani da ita wajen lura da masu shan maganin sankara mai taɓa zuciya. Akwai hoto mai fuska uku da ake ɗauka ta maƙogwaro, wanda ke yi wa likita jagora yayin gyaran ƙyaure ba tare da tsaga ƙirji ba. Akwai kuma na'urorin da ke ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa, waɗanda ake gwada zana alƙiblar jini da su ta kowace fuska, har da yadda yake juyawa a cikin ɗakin zuciya.

Sauyin da zai fi taɓa talaka shi ne ƙanƙancewar na'urar. Abin da a da sai an turo shi a kan taya yanzu ya koma kan na'ura guda da ake haɗawa da wayar hannu, kuma a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke nuna wa wanda ba ƙwararre ba inda zai karkata hannunsa har hoto ya fito. Cutar da ta sa Edler neman na'ura, wato lalacewar ƙyamaren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a magance ba, ta kusa ɓacewa a Suwidin, amma a 2019 an ƙiyasta tana tare da kimanin mutum miliyan 40 a duniya, da yawansu a Afirka. Binciken da aka wallafa a 2007 a kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya nuna eko na gano masu ita kusan ninki 10 na abin da sauraron ƙirji ke ganowa, kuma babbar alamar ita ce ɗan siririn yoyon da launin Doppler ke tonawa a ƙyauren mitral. Wani gwaji a arewacin Yuganda ya nuna amfanin ganowar da wuri: cikin yaran da aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk mako 4 har shekara 2, kashi 0.8 cikin 100 ne ciwonsu ya ƙaru, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 8.2. A arewacin Nijeriya, inda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawaitar ciwon zuciya na bayan haihuwa, eko ne ke tabbatar da cewa kumburi da haƙin mai jego daga raunin tsokar zuciya suke, shi ne kuma ke nuna ko tana farfaɗowa.

An binne Doppler a maƙabartar tsibirin San Michele da ke Venis. Babban asibitin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na Salzburg na ɗauke da sunansa a yau. Shekaru masu yawa littattafai suka yi suna kiransa Christian Johann Doppler, ɗaya na kwafa daga ɗaya, sai da aka koma ga rajistar cocin da aka yi masa baftisma aka tarar sunansa na tsakiya Andreas ne.